Yadda na gyara birkin tsohuwar Hilux ɗina

Ranar Lahadi ina dawowa daga kasuwar Mirriya da buhunan gero, na taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa. Allah ya kiyaye, hanya ba kowa.

A Damagaram na duba, man birki ya ragu, cikin tayar baya ta hagu kuma sharkaf da mai. Ni da wani dattijon makanike a Zango muka cire gangar birkin, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Robar silinda da ke riƙe man birki ce ta tsage, layinin birki, wanda ke matse ganga ya tsai da taya, ya cinye har ƙarfe. Ya ce, "Alhaji, canza na baya duka biyu, kar mota ta riƙa ja gefe." Haka na yi.

Sai fitar da iskar da ta shiga cikin man birki: ina taka birki, yana sassauta ɗan notin fitar da iska na jikin silinda, har kumfa ta daina fitowa. Yanzu tun rabin taku take kamawa.