Ga 'yan uwa sababbin zuwa Ingila: yawon Asabar a watan Nuwamba, da batun kyanwa

Assalamu alaikum. Tunda aka mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, rana ta gajarce. Zuwa ƙarshen Nuwamba, a Landan magariba na yi wajen ƙarfe 4. Don haka mai son miƙe ƙafa ya fita da hantsi, ko da an idar da azahar. Wanda ya jira la'asar sakaliya, a duhu zai dawo.

A sa takalmi mai ƙasan roba mai zane, domin jiƙaƙƙen ganye ya fi laka santsi, musamman a kan matakala. In hanyar ƙauye ce marar gefen masu ƙafa, a bi hannun dama ana fuskantar motoci, da riga mai haske.

Masu kyanwa, nan ne abin lura. Ruwan da ake zuba wa mota don kada injin ya daskare guba ne ga kyanwa, ɗan kaɗan ya isa ya lalata mata ƙoda. In ya ɗiga, a goge nan take. In ta fara tangaɗi da amai, a garzaya wurin likitan dabbobi, kada a ce sai Litinin. Kafin tada mota kuma a ɗan bubbuga bonet, kyanwar maƙwabci kan laɓe a ciki neman ɗumi.

Ganyen ƙofar gida kuwa, a tattara a buhu. Kada a share shi zuwa ƙofar maƙwabci ko cikin magudana, toshewa take yi ruwa ya kwanta.