Babi na 7: Waya ta ce mun iso, amma ina gwangwanin?

Iyayena da ƴan uwana, sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce mun koyi karanta lamba mai ɗigo a tsaka, irin su 13.8. Yau za mu fita da ita waje. Kowa ya zo da kaye da bik da waya mai GPS, wato mai nuna wa mutum inda yake a duniya. Wanda ba shi da irin wayar ya haɗu da mai ita, wannan ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Wasan ɓoyo da nema

Can sama, nisan kilomita wajen 20,000, akwai taurarin ɗan adam na Amurka, sun fi 24, kowane yana zagaya duniya sau biyu a rana. Waya tana sauraron saƙonsu, kuma sai ta ji aƙalla 4 sannan ta san inda take. Ba kuɗin kira take ci ba wajen wannan saurare.

A da, gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon, har kuskure ya kai mita 100. Ta daina a farkon watan Mayu na 2000. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet, ya ce a nemo. Mafarin wasan jiyokashin ke nan, wato ɓoyo da nema da GPS. Mu gwangwanin madara za mu ɓoye, da takarda a ciki. Wanda ya gano shi ya rubuta sunansa da hannunsa. Kada wani dattijo ya ce wasan yara ne. Wanda ya iya wannan, gobe zai iya ɗaukar iyakar gonarsa ko wurin rijiya.

Darasi na 2: Lambar kuskure

Nan ne kowa yake faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Ku buɗe manhajar GPS. Za ku ga layi mai harafin N, ma'anarsa arewa. Ƙarƙashinsa akwai layi mai harafin E, ma'anarsa gabas. Su biyun ne lambobin wurin da kuke tsaye. Kada ku rubuta su tukuna. Ku nemi wata ƙaramar lamba mai wannan alama a gabanta: ±. Alamar ƙari ce a sama, ta ragi a ƙasa. Bayan lambar akwai harafin m, wato mita. Mita ɗaya kamar babban taki ɗaya ne. Wannan ita ce lambar kuskure.

Ku ɗauka an ɗaure akuya a turke da igiya mai mita 5. Idan aka tambaye ku ina akuya, za ku ce tana wajen turke, amma ba lalle tana jikinsa ba. Tana iya kasancewa duk inda igiya ta kai. To, ±5 m igiya ce mai mita 5. ±40 m igiya ce mai mita 40, akuyar ma ta shiga gidan maƙwabta. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. A fili, inda sama take buɗe, waya takan sauko wajen mita 5, wani lokaci 3. Shi ma ƙiyasi ne, ba rantsuwa ba.

Ga yadda ake yi. Ku tsaya cak. Ku riƙe waya a tafin hannu, nesa da ƙirji kaɗan. Ku dubi lambar kuskure. Ku jira. Za ku ga tana sauka: 40, 25, 12, 8. Ku ƙara jira. Idan ta kai 5, ko ta yi minti ɗaya ba ta ƙara sauka ba, sai ku rubuta layin N, sannan layin E, sannan ita lambar kuskuren a gefe.

Mu maimaita tare. Me ake fara dubawa? Lambar kuskure. Idan babba ce? A jira. Yaushe ake ɗaukar bik? Bayan ta sauka. Madalla.

Ku sake. Ku rufe manhajar, ku buɗe. Kada ido ya tafi kan N. Ya tafi kan ±. Wanda ya ga lambar tana tsalle sama da ƙasa kada ya tsorata, wayarsa ba ta lalace ba, halinta ne.

Amma sai na faɗi gaskiya. Makon jiya wani dattijo a ajinmu ya buɗe waya, nan take ya kwafe lambobi a kan ±35, muka bar mata shida suna tonon yashi cikin rana har azahar, gwangwani yana can bayan wani zaure. Sau nawa zan faɗa? Kuna iya zaman jiran shayi ya nuna har zubi uku, amma minti ɗaya ya gagare ku? Ba wuya ce ta hana ba, gaggawa ce. Daga yau duk kayen da na gani babu lambar kuskure a gefe, ba zan duba shi ba. Ku tsaya, ku dubi ±, ku jira.

Darasi na 3: Inda ake tsayawa

Kun san amsa-kuwwa tsakanin duwatsu. Haka saƙon tauraro yake yi: ya bugi bango ko dutse, ya dawo, ya iso a makare, waya ta ruɗe. Shi ya sa a lungunan Birni, ko a gindin manyan duwatsun nan na Damagaram, lambar kuskure take ƙin sauka. Haka ma ƙarƙashin rumfar kwano a Kasuwar Dole, ko inuwar dogon yaro mai duhu. Ku fito fili, ku dubi ±, ku jira.

Kuma ku tuna igiya biyu ce. Mai ɓoyewa yana da tasa mita 5, mai nema yana da tasa mita 5, suna iya haɗuwa su zama 10. Don haka idan waya ta ce saura mita 10, kibiyar da ke nuna muku hanya a waya ta fara juye-juye kamar marar hankali, aikinta ya ƙare. Ku sa ta aljihu, ku nema da ido.

Darasi na 4: Kwafar lambobi

Misali: N 13.80512. Lambobi biyar ne bayan ɗigo, ku ƙirga su da yatsa. A wasu wayoyi masu Faransanci waƙafi za ku gani maimakon ɗigo, duk ɗaya ne. Kuskuren ɗaya a lambar ƙarshe mita 1 ne, a ta kusa da ita mita 11, a ta uku mita 111. Wata waya kuma tana rubuta 13°48'. Wannan daidai yake da 13.8, ba 13.48 ba, don 48 ɗin nan cikin 60 ake ƙirga shi, ba cikin 100 ba. Wanda ya rikita su ya yi kudu da kilomita 35.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku ɗauki lambobin ƙofar gidanku da safe, ku sake da yamma. Ku kwatanta.

Darasi na 6: Batir

GPS tana shan batir. Ku caja waya kafin ku zo ranar Asabar, kuma wani ya kawo gwangwani.