Yadda za ku gane aikin da ɗanku ko 'yarku ke so tun kafin SS1

Iyaye don Allah kar ku bari sai lokacin cike JAMB sannan ku tambayi yaro me yake so ya zama, a lokacin an makara, tun daga SS1 ake raba su ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci, kuma wanda bai yi fiziks da kemistri ba ƙofar injiniyanci da likitanci ta rufe masa.

Farko ku sani amsar da yaro zai bayar sau da yawa abin da ya saba ji ne kawai. A binciken PISA na 2018, wato wani gwajin ɗalibai na ƙasa da ƙasa, an tambayi 'yan shekara 15 a ƙasashe kusan 80 wane aiki suke ganin za su yi idan sun kai 30. Najeriya ba ta ciki amma abin ya yi kama da namu. A ƙasashen OECD, wato ƙungiyar ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, cikin yaran da suka fi ƙoƙari a lissafi ko kimiyya, namiji ɗaya cikin huɗu ya ce injiniya ko masanin kimiyya, mata kuwa ba su kai ɗaya cikin shida ba, alhali ƙwaƙwalwar ɗaya ce. Aikin kwamfuta ma, cikin dukkan yaran, maza 8 cikin 100, mata 1 kacal. Amma ki je Malesiya ki ga yadda mata suka cika ajin kwamfuta a jami'a, to kin ga ba halitta ba ce kaɗai.

Don haka kar ku ce wa 'yarku "ke likita za ki zama ko?" a gaban baƙi, kunya za ta sa ta ce eh. Ku bari sai kuna ku biyu, ana tsinkar alayyahu ko a hanyar kasuwa, ki ce mata wane darasi ne idan kina yi ba kya jin lokaci ya wuce? Sai ki duba sakamakon JSS ɗinta ki ga ko ya yi daidai da abin da ta faɗa.

Muna matuƙar buƙatar likitoci mata da ungozoma, gaskiya ne, amma yarinyar da ke kwance caja da fitilar sola tana haɗawa, wlh zalunci ne a tura ta aikin jinya dole. Ku kai ta wajen wata injiniya mace ta wuni tana kallon aikinta.

Namiji ma haka, idan ya ce nas yake so ko malamin firamare ku hana yayyensa yi masa dariya, ku haɗa shi da wani nas namiji a asibitin unguwa ya yi masa bayanin karatun da kuɗin makaranta.