Yadda Za Ka Ziyarci Dutsen Seoraksan Idan Fatauci Ya Kai Ka Koriya ta Kudu

'Yan'uwanmu na Aboabo da Asawase da ke harkar kayan gyaran mota a Suame Magazin sun daɗe suna zuwa Koriya ta Kudu, sai dai yawancinsu suna dawowa Kumasi ba su ga komai ba ban da filin ajiye motoci na Incheon da ɗakin masaukinsu. Idan ka gama lodin kwantena, kuma akwai sauran kwana biyu ko uku kafin ranar jirginka, shawarata ita ce ka nufi gandun dutsen Seoraksan da ke lardin Gangwon, arewa maso gabashin ƙasar, kusa da garin Sokcho na bakin teku.

Shiri yana farawa tun daga gida. Ɗan Ghana yana buƙatar biza daga ofishin jakadancin Koriya da ke Akara, kuma da yake babu jirgin da ke tafiya kai tsaye, sai an ratsa ta Adis Ababa ko Dubai ko Doha ko Istanbul. Agogonsu yana gaban namu da awa 9, saboda haka kada ka sa hawan dutse a kwanakin farko, lokacin da barci bai daidaita ba. Lokacin da ya fi kyau shi ne tsakiyar watan Oktoba, sa'ad da ganyayen itatuwa suke rikiɗewa su koma ja da ruwan ɗorawa, amma ka guji Asabar da Lahadi, domin cunkoson ranakun ba ya kasa na kasuwar Kejetia ana jajiberin Sallah. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa dusar ƙanƙara ce ke rufe wurin, kuma wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturun Kumasi bai kamata ya gwada kansa ba sai da kayan sanyi na gaske.

Daga Seoul akwai motocin safa zuwa Sokcho a babbar tashar da ke yankin Gangnam da kuma tashar Dong Seoul, tafiyar kimanin awa biyu da rabi idan hanya ba ta cushe ba. Ka sayi katin T-money ka zuba masa kuɗi, domin da shi za ka shiga bas mai lamba 7 ko 7-1 daga cikin Sokcho har bakin ƙofar gandun. Ka kuma sauke manhajar Naver Map a wayarka, saboda taswirar Google ba ta iya nuna hanya sosai a ƙasar. Ka kama masauki a Sokcho ka kwana, ka fito da asuba. Masu zuwa daga Seoul su koma a yini ɗaya rabin lokacinsu a mota yake ƙarewa.

An mai da Seoraksan gandun ƙasa a 1970, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu a 1982. Ƙololuwarsa mafi tsawo, Daecheongbong, ta kai mita 1,708, wato ta fi dutsen Afadjato na yankin Volta tsawo nesa ba kusa ba. Wannan hawa aikin yini guda ne cur na waɗanda suka saba, kuma akan rufe manyan hanyoyin sama na wasu makonni a shekara saboda gudun gobarar daji, don haka baƙo na farko ya bar ta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum ya zaɓi hanyar da ta dace da gwiwarsa.

Dattijo ko mai tafe da iyali ya fara da motar da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe, wadda cikin 'yan mintoci take kai mutane kusa da kufan ganuwar Gwongeumseong. Tikitinta a ranar ake sayarwa, da lokacin shiga a rubuce, kuma ana dakatar da ita idan iska ta yi ƙarfi, saboda haka da isarka ka fara sayensa kafin komai. Mai son tafiya marar wahala ya bi hanyar Biseondae, kimanin kilomita 3 a gefen rafi mai ruwa garau, wanda ake hango tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda yake jin ƙarfi a jika, Ulsanbawi ne nasa. Jerin duwatsu ne farare masu kawuna shida, tsayinsu mita 873, kuma daga ƙofa zuwa sama kusan kilomita 4 ne. Farkon hanyar yana ruɗin mutum, domin shimfiɗe take, tana wucewa ta gaban wurin ibadar mabiya Buda na Sinheungsa da ƙaton mutum-mutuminsu na tagulla mai tsayin sama da mita 14. A tsakiya za ka tarar da Heundeulbawi, wani dunƙulen dutse da ke zaune a kan fa, wanda jama'a ke taruwa suna turawa, yana ɗan motsi amma ba ya faɗuwa. Daga nan ne aiki yake farawa: matakala ce a miƙe, ɗari bisa ɗari, har sai cinya ta fara rawa, kuma abin kunya shi ne tsofaffin matan Koriya da sandunansu biyu za su riƙa wuce ka suna gaisuwa. Ka ware awa huɗu zuwa da dawowa, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka bar silifa a masauki, ka ɗauki ruwa da dabino. A sama za ka ga Sokcho gaba ɗaya da teku a bayanta.

Maganar salla da abinci tana son tanadi tun daga Seoul. A unguwar Itaewon, inda babban masallacin da aka buɗe a 1976 yake, akwai shagunan halal da za ka yi guzuri. Ka tafi da dardumarka, ka kuma tuna cewa alƙibla a can tana wajen yamma, saɓanin gabas da muka saba fuskanta a Zango.

Washegari ka ba garin Sokcho haƙƙinsa. Babbar kasuwarsa cike take da kifi da ƙaguwa da sauran kayan teku, kuma gasasshen kifi da shinkafa shi ne abin da hankali ya fi kwanciya da shi. Ka yi hattara da abin da suke kira sundae, musamman a unguwar Abai, domin da hanjin alade ake yin sa. Unguwar kanta ta cancanci a gani: mutanen da suka gudo daga lardin Hamgyeong da ke Koriya ta Arewa lokacin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ne suka kafa ta, da niyyar komawa gida idan ƙura ta lafa, har yau kuwa iyaka ba ta buɗe ba. Ana tsallakawa can da wani kwalekwale marar inji, wanda fasinjoji ke taya jan sa da ƙugiya a jikin igiyar ƙarfe. Idan da sauran lokaci, ɗan kudu kaɗan a Yangyang akwai Naksansa, tsohon wurin ibada da ke kan tudu a bakin teku, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 2005. Tikitin motar komawa Seoul kuwa ka saye shi tun ranar da ka sauka, domin a watan Oktoba kujerun yamma da wuri suke ƙarewa.