Darasi na Bakwai: Idan Mota Ta Ƙi Jin Totur

Wata rana da hantsi wani direba ya gangaro da motarsa garejin da na koyi aiki. Tafe take kamar mai ciwon ƙafa. Ya fito yana share gumi, ya gaida maigidanmu, ya ce, "Maigida, motar nan ta isa da ni. Ina taka totur har ƙasa, amma ko a jikinta. Ga wata wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Idan na kashe na sake tayarwa sai ta saki, in an jima kuma ta koma."

Maigida ya ce, "Me ka canza mata?"

Ya ce, "Fulogi, da famfon mai, da matatar mai. Har nozul an wanke."

Duk wannan kuɗi ya tafi a banza, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya lalace. Abin ya tsaya mini a rai har yau, shi ya sa nake so ku natsu a wannan darasi.

Yadda totur yake aiki

A tsofaffin motoci, irin su Fijo 504, wata igiyar ƙarfe ce ta taso daga totur zuwa injin. Kana takawa igiyar ta ja, ƙofar iska ta buɗe, injin ya ɗauki wuta. A yawancin motocin yanzu babu wannan igiya. A jikin totur akwai wata 'yar na'ura da masu gyara ke kira sansa. Aikinta ɗaya ne: ta auna iya nisan da ƙafa ta taka, ta aika wa kwamfutar mota labari ta waya. Wannan kwamfuta ita ce ake ce wa birenbos a gareji. Ita kuma sai ta umarci wani ƙaramin moto ya buɗe ƙofar iska a maƙogwaron injin daidai gwargwado. Toyota Camry ta koma wannan tsari tun daga samfurin 2002.

Da wane harshe sansa take magana da kwamfuta? Da ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Kwamfuta tana ba ta bolt 5. Ita kuma tana mayar da wani kaso: kaɗan idan ba a taka ba, da yawa idan an taka har ƙasa.

Ga abin da ya fi muhimmanci. A cikin kwanson nan sansa biyu ce, ba ɗaya ba. Shi ya sa za ku ga soket ɗin yana da wayoyi shida a yawancin motoci: kowace sansa tana da wayar kawo wuta, da wayar at, wato wadda wuta ke bi ta koma, da wayar kai labari. An yi haka ne don kare rai. Kamar shaidu biyu ne a gaban alƙali. Idan bakinsu ya zo ɗaya, a yarda. Idan ɗaya ya ce an taka rabi, ɗayan ya ce ba a taka ba, kwamfuta ba za ta yi caca da ran mutane ba. Sai ta rage wa injin ƙarfi, ta kunna wutar cek injin, wato wutar nan mai ruwan ɗorawa da direban ya gani, ta bar maka ɗan abin da za ka lallaɓa ka sauka daga titi. Don haka motar da ta yi sanyi irin wannan ba taurin kai take yi ba, tsare ka take yi.

Fara da ido da hannu

Kafin a ɗauko kowace na'ura, ja burkin hannu, kashe mota, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila. Shimfiɗar ƙafa ta tattare a ƙarƙashin totur? Kada ku raina wannan. A 2009 kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci a Amurka a gyara su saboda shimfiɗar ƙafa tana iya danne totur. Taka totur da hannu, ka ji ko yana sauka yana dawowa lafiya lau. Sannan ka zare soket, ka dubi haƙoransa. Idan ka ga kore-kore ko farin gari, ruwa ya shiga. Wannan yana yawan faruwa da damina bayan an ratsa ruwa, ko an wanke cikin mota da tiyo. Bi wayoyin da yatsa. Ɓera yana cin waya, kuma wani lokaci mai sa ƙararrawar ɓarayi ko rediyo yakan fere waya ya ɗaure da salatif ya tafi.

Wasu samfuran Honda Accord na tsakanin 2003 da 2007 suna rikita sabon shiga. Za ka ga igiya a jikin totur ka ce tsohon tsari ne, alhali igiyar sansa take ja, wadda aka ɗaura a cikin bonet. A irin waɗannan, can za ka neme ta.

A auna batir ma. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe. Batir mai rauni yana sa kwamfuta ta yi ta kawo ƙorafin ƙarya.

Karanta lambar laifi

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, ta gefen direba, kuma sauran ƙasashe sun bi sahu daga baya. A nan ake jona sikana, abin da mutane ke kira "sa wa mota kwamfuta". Sikana za ta nuna harafi ɗaya da lambobi huɗu. Harafin P yana nufin laifin yana ɓangaren injin ko giya. Ku karanta waɗannan da ƙarfi, lamba bayan lamba, sannan ku kwafe su a littafinku:

P2122: wutar sansa ta farko ta yi ƙasa da yawa.
P2123: wutar sansa ta farko ta yi sama da yawa.
P2127: wutar sansa ta biyu ta yi ƙasa da yawa.
P2128: wutar sansa ta biyu ta yi sama da yawa.
P2138: bakin sansa biyun bai zo ɗaya ba.

Ku lura da P2135. Ta yi kama da P2138, amma ita tana magana ne a kan sansar maƙogwaron injin, ba ta totur ba. Bambancin 5 da 8 kawai, amma wanda ya yi garaje zai kwance wurin da ba shi da laifi. Ku rubuta lambar a takarda kafin a goge ta.

Kuma ku riƙe wannan da kyau: lambar ba ta ce "sansa ta mutu" ba. Cewa ta yi labarin da ya iso kwamfuta ba daidai ba ne. Wataƙila mai aiko saƙon ne, wataƙila hanyar ce ta yanke.

Awo da mita

Juya mita, wato na'urar auna wuta, zuwa awon wutar batir, wurin da aka rubuta V da miƙaƙƙen layi, a kan 20. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada a tayar da injin. Kada ku taɓa waɗannan wayoyi da ƙwan gwaji irin na fitila, domin yana iya lalata kwamfuta. Kada kuma a huda rigar waya. A zura siririyar allura ta bayan soket, yana jone a wurinsa.

Fara da wayar kawo wuta. Ya kamata ka ga kusan 5.0. Idan babu, kada ka yi saurin ɗora wa sansar totur laifi. Wataƙila waya ce ta yanke, ko kuma, a wasu motoci, wata sansar daban da suke shan wuta tare ta ƙone ta janye wutar. Sai wayar at: tsakaninta da ƙafar batir mai alamar ragi, mita ta nuna kusan sifili.

Yanzu wayar kai labari. A motocin Toyota da yawa, sansa ta farko tana nuna kusan 0.8 idan ba a taka ba. Ana karanta shi "sifili ɗigo takwas", wato bai kai bolt ɗaya ba. Ta biyu tana nuna kusan 1.6. A wasu kamfanonin kuwa, ta biyu rabin ta farko take bayarwa. Saboda haka a nemi adadin da ya dace da motar da ke gabanka, kada a auna Honda da ma'aunin Toyota.

Sa yaronka ya taka totur a hankali, a hankali ƙwarai, kamar mai tsoron taka ƙwai, kai kuma idonka a kan mita. Lambar ta riƙa hawa a jere: 0.8, 1.2, 1.7, 2.3, har sama. Idan ta kai wani wuri ta faɗo sifili ta sake tashi, sansa ta cinye a wurin. Tsohon samfuri yana da ɗan harshe mai goga a kan layi, kuma wurin da ƙafa ta fi zama shi ne yake fara cinyewa. Sabon samfuri da maganaɗisu yake aiki, babu goga, don haka a irinsa waya da soket sun fi zama abin zargi. Idan sikanarka tana nuna awo kai tsaye, ta fi mita saurin kama wannan faɗuwa.

Idan komai ya hau lafiya, saura gwaji ɗaya. Bar totur, ka kama wayoyin ka girgiza su, daga soket har inda suka shige. A motar direban nan haka maigida ya yi. Yana taɓa soket sai lambar ta yi tsalle. Haƙori ɗaya ne ya buɗe baki, ba ya kama ɗan'uwansa sosai. Ya matse shi da tsinke, ya fesa maganin wanke soket, ya mayar. Direban ya ce, "Maigida, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Je ka zagaya ka dawo mu sake dubawa."

In awo ya tabbatar sansa ce, a yawancin motoci tare da totur ɗin ake canza ta. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a Panteka, tafi da tsohuwar a hannu, ka gwada lambar da ke jikinta da ta sabuwar harafi bayan harafi. Kashe makulli kafin ka zare soket. Bayan ɗaurawa a goge lambar laifi. Wasu motoci, kamar Nissan, suna bukatar a sake koya wa kwamfuta matsayin totur kafin silo, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, ya daidaita.

Aikin yi

1. Rubuta waɗannan da kalmomi: 0.8, 1.6, 5.0, 12.6.
2. Sikana ta nuna P2127. Ka auna wayar kawo wuta ka ga 0.0. Za ka sayi sabuwar sansa? Faɗi dalilinka.
3. A garejinku, nemi mota ɗaya, ka ƙirga wayoyin soket ɗin totur, ka rubuta launin kowace waya, ka kawo aji mako mai zuwa.