Neman tallafin sakandaren kuɗi a Amurka: makarantu nawa?

Iyaye, in sai da tallafi za ku iya biyan sakandaren kwana ta kuɗi a Amurka, ku nema wa yaro makarantu shida zuwa takwas, ba biyu ba. Yawancinsu na duba aljihun iyaye, har a ɗauki yaro amma a hana shi tallafi. Makarantun Andover da Exeter ba sa duba aljihu, sai dai shigarsu akwai wuya, don haka ku haɗa da waɗanda suka fi sauƙi.

Fom ɗin tallafi daban yake, ana cika shi ta SSS ko Clarity (shafukan intanet na neman tallafin makaranta), da takardun haraji. Makarantu da yawa na rufe karɓar fom 15 ga Janairu, sakamako 10 ga Maris. Wanda ya makara sai ya tarar an rabe kuɗin. Kuɗin fom ma ana iya yafewa in kun roƙa.