Yadda za ka yanke shawarar fita zaɓe ko zama gida in duka biyun ba su yi maka ba

Duk sanda zaɓe ya matso, a majalisarmu ta wajen mai shayi nan Tudun Wada cikin Gusau magana ɗaya ce ke dawowa. Wani zai aje kofi ya ce shi kam ya haƙura, tsintsiya da lema duk kanwar ja ce, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ranar zaɓe yana gida abinsa. Wani kuma ya taso masa da cewa wanda ya ƙi zaɓe ya ci amanar al'umma, Allah sai ya tambaye shi. A yi ta musu har a tashi ba wanda ya saurari wani. Ni dai na daɗe ina juya maganar nan a raina don ta shafe ni ta shafi 'yan gidanmu, kuma abin da na gano shi ne ba hukunci ɗaya ba ne ya hau kowa, akwai wanda zamansa gida ba shi da laifi ko kaɗan, akwai wanda kuma yaudarar kansa kawai yake yi. To ga yadda nake ganin mutum zai bi ya gane a ina ya faɗa.

Ka fara da tambayar kanka tsakani da Allah, ba zan iya fita ba ne ko ba na son fita ne. Wannan bambancin shi ne kusan rabin maganar a jiha irin tamu. Ina da kawu da ɓarayin daji suka taso su daga ƙauyensu ta wajen Maru, ya dawo Gusau da iyali yana zaune a ɗaki biyu na aro. Ana gobe zaɓen 2023 na je gaishe shi na tarar yana gyaran wata tsohuwar rediyo a kan tabarma, na ce Kawu gobe za a fita ko? Ya ɗaga kai ya ce "Ɗana, in fita in tai ina? Katin ga can ƙauye aka yi man shi, garin kuwa ko kaza babu." Ya zaro katin daga cikin leda da ya naɗe shi tare da takardar gona ya nuna min. Wallahi ban iya ce masa komai ba. Duk wanda zai hau mumbari ko ya hau Facebook ya ce irin su Kawu sun ci amana to bai san abin da yake faɗa ba. Wanda hanyar rumfarsa ta bi ta daji, wadda ke jego, mai jinya, wanda aka yi wa barazana, ba wanda ya isa ya ɗora musu laifi, rai ya fi ƙuri'a. In kana cikin waɗannan ka zauna da zuciya ɗaya.

Amma in kana cikin gari, rumfarka na makarantar firamaren bayan gidanku, ƙafarka lafiya, to maganarka daban ce, sai mu ci gaba.

Abu na gaba, ka san me zaman gidanka yake faɗa a lissafi, don mutane da yawa suna ɗauka in sun ƙi fita wani saƙo suka aika wa manya. A dokar Najeriya babu wani adadi da aka ce sai mutane sun kai shi kafin zaɓe ya inganta. Gwamna abin da yake buƙata shi ne ya fi kowa ƙuri'a kuma ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, ka lura, ƙuri'un da aka kaɗa, ba mutanen da ke da kati ba. Ko mutum goma ne suka fito a akwatinku da su za a yi lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari ke nan, Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79 wato ko ɗaya cikin goma na masu rajista bai kai ba, kuma aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu yana da cikakken iko kamar kowa ne ya zaɓe shi. Sauran miliyan 68 ɗin nan da ba su fito ba, a ciki akwai mai fushi, akwai wanda ya rasu sunansa na nan a rajista, akwai ɗan gudun hijira, akwai wanda rashin takardar kuɗi na lokacin ya hana shi tafiya garinsu, akwai mai barci, duk a kwando ɗaya aka zuba su. Ba wanda zai buɗe kwandon ya ce ga fushin wane.

Har ma abin da ya fi ci min rai, zaman gidan naka wani abu ne da wasu ke biyan kuɗi a kansa. Tunda aka kawo na'urar BVAS da ke tantance mutum da yatsa ko fuska, dangwala wa wanda bai zo ba ya yi wuya ba kamar da ba, shi ya sa za ka ji ana bi unguwar da aka san ba ta goyon bayan mutum ana karɓar kati da sunan za a sa ku cikin tallafi, ba don a yi zaɓe da shi ba, don kawai kar mai shi ya fito. To in har akwai mai sayen rashin fitowarka, ka tambayi kanka wa kake yi wa aiki kyauta.

Yanzu mu zo kan maganar duk ɗaya ne, kuma a nan ba zan raina masu faɗar ta ba don mu 'yan Zamfara mun ga abin da ya isa ya sa mutum ya faɗe ta. Mahmud Shinkafi a ANPP aka zaɓe shi gwamna a 2007 ya koma PDP yana kan kujera. A 2019 jama'a suka fito suka dangwala wa APC, ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta ce ba, ƙuri'unta duk sun tashi a banza, aka miƙa wa PDP kujeru tun daga gwamna har majalisa, sannan a watan Yuni 2021 Matawalle da ya hau ta wannan hanyar ya tattara ya koma APC ɗin. Mutumin da ya tsaya a layi cikin rana a 2019 ya ga duk wannan, in ya ce maka ya gaji ba ƙarya yake ba. Sai dai tarihin nan namu yana da ɗaya gefen da masu duk ɗaya ne ba sa son ambata. A 2011 talakawan jihar nan sun sauke gwamna mai ci, Shinkafi ya faɗi Yari ya hau. A 18 ga Maris 2023 sun sake yi, Dauda Lawal ya kayar da Matawalle da tazarar ƙuri'a wajen 65,000 alhali wanda aka kayar shi ke riƙe da gwamnati kuma jam'iyyarsa ce ke mulki a Abuja. Ba ina cewa wane ya fi wane ba ne, wannan kowa da idonsa. Abin da nake cewa shi ne ko da mutanen biyu halinsu ɗaya, wanda ya san ana iya sauke shi ba zai yi barci irin na wanda ya san ba mai taɓa shi ba, kuma wannan tsoron masu fitowa ne suka dasa shi ba masu zama gida ba. Maƙwabtanmu na Kebbi ma a shekarar sai da zaɓen gwamnansu ya zama inkwankulusib, wato bai kammalu ba, aka koma aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu kafin Nasir Idris ya yi nasara a kan Aminu Bande, don tazarar ba ta kai yawan masu katin rumfunan da aka soke ba.

Don haka kafin ka ce duk ɗaya ne ka yi aikin da zai ba ka damar faɗa. Ka ɗauki takarda ka rubuta abu uku da suka fi damunka, a wajen yawancinmu tsaro ne da albashi ko fansho da ruwan sha ko taki, ka duba abin da kowanne ya yi lokacin da yake da dama ba abin da sojojin bakansa ke faɗa a rediyo ba. Malamanmu suna da ƙa'idar da suke kawowa a nan, cewa in cuta biyu suka haɗu ba makawa sai ɗaya to a ɗauki mai sauƙin, da yawansu ma suna kallon ƙuri'a a matsayin shaida da ake tambayarka. Akwai kuma masu ganin shiga harkar gaba ɗaya bai dace ba, wanda ya bi wannan fahimtar da ilimi da gaskiya ni ba ni da ta cewa a kansa. Wanda nake magana da shi shi ne wanda bai bincika komai ba, kasala ce ta hana shi, sai ya lulluɓe ta da rigar tsantseni.

Ka kuma tuna ba takarda ɗaya za a ba ka ba. Ranar zaɓen tarayya uku ne, shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai, ranar ta jiha kuma gwamna da ɗan majalisar jiha. Zamfara na da sanata 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24. Mutum sai ya yi fushi da manyan biyu na sama ya zauna gida, ya bar ɗan majalisar mazaɓarsa wanda ya san gidansu ya san halinsa tun yana yaro, wanda ƙuri'a 'yan kaɗan ke iya ɗora shi ko sauke shi. Ba dole ba ne ka bi jam'iyya ɗaya sak daga sama har ƙasa, ka zaɓi mutum a inda ka ga mutum.

To in ka yi duk wannan binciken kuma zuciyarka ta ƙi duka biyun fa? Akwai hanyar ƙi da za a gani. Mu dai doka ba ta ƙayyade mana jam'iyya biyu ba, wannan a zamanin Babangida aka yi da SDP da NRC har zuwa zaɓen 12 ga Yuni 1993, yanzu ƙarfi ne kawai ya taru a wuri biyu kamar yadda yake a Amurka tsakanin Dimokurat da Rifablikan, amma a takardar 2023 jam'iyya 18 ce. Ka dangwala wa ƙarama da ka fi yarda da ɗan takararta. Za a ce maka ka yi asarar ƙuri'a, alhali ita wannan ana ƙirga ta da suna, kuma miliyan 6.1 na Peter Obi da kusan miliyan ɗaya da rabi na Kwankwaso sun sa manyan jam'iyyun sake lissafi. In ita ma ba ta yi maka ba kana iya lalata takardar da gangan, ka dangwala wuri biyu, za ta shiga cikin ƙuri'un da suka lalace a rubuta adadinta, sai dai ka sani ba za a bambance ta da ta tsohon da tawada ta zame masa ba, a 2023 irinsu sun haura 900,000 a zaɓen shugaban ƙasa. A Indiya tun 2013 suna da gurbi na musamman na ban yarda da kowa ba, mu ba mu da shi, kuma ni da za a tambaye ni shi ya kamata majalisa ta kawo maimakon ƙudirin tilasta zaɓe da suka gabatar a 2025 mai tara da ɗauri wanda jama'a suka yi ca a kai har aka janye shi. Ta yaya za ka ci tarar mutumin da ka kasa tsare masa hanyar zuwa rumfa.

Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa shi ne sayarwa. Na ga wata baiwar Allah a layin mata da goyo a baya, an miƙo mata leda da taliya biyu da sabulu ta sa a ƙarƙashin hijabi tana waige-waige, ban zarge ta ba don na san yunwa, wanda ya miƙa ledar shi nake jin haushi. Amma kai da ke da abin kai wa baka, in zaɓinka ya rage tsakanin ka karɓi dubu biyu ka dangwala wa wanda ka san macuci ne ko ka zauna gida, to don Allah ka zauna gida, wannan zaman ya fi wancan fitar sau dubu.

Wanda kuma ya yanke zai fita, ka je da wuri, a 2023 ƙarfe 8:30 ake buɗewa a rufe layi 2:30 kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai an bar shi ya yi. Ka san alamar jam'iyyar da kake so tun daga gida don babu sunan ɗan takara a takardar. Bayan ka jefa kar ka wuce, ka koma gefe ka jira a ƙirga a gaban ejan-ejan a manna sakamako a bango, ka ɗauka a waya. Kuma in da gaske 'yan takarar da ake kawo muku ne ba sa yi maka, ka sani ba ranar zaɓe ake dafa su ba, tun a zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓa da na fidda gwani ake gamawa, can ne ya kamata masu fushi su cika wurin da katin jam'iyya a hannu.

Masu matsala irin ta Kawu kuma ana iya yi musu canjin rumfa, amma sai lokacin da aka buɗe rajista, kuma ana rufewa da watanni kafin zaɓe, wancan karon tun 31 ga Yuli 2022 aka rufe, mu kuma ba wanda ya tuna da shi a cikinmu sai da lokaci ya ƙure. Na yi masa maganar kwanan baya na ce Kawu wannan karon da an buɗe ni zan ɗauke ka a mashin mu je ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma a maido maka da katin nan Gusau. Ya yi shiru yana murza ledar, can ya ce "To ɗana, a maido. Amma in Allah ya sa muka koma gida sai ka sake kai ni a maida shi can."